Hukuncin Koyon Hanyar Lissafi ta Monte Karlo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun ƙididdiga, ana koya mana wata hanyar lissafi mai suna Monte Karlo, sai na ji cewa sunan wani gidan caca ne, kuma aikinta ya ginu ne a kan lambobin da ke fitowa kara-zube. Shin ya halatta in koye ta, in kuma yi aiki da ita?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah Ya ƙara maka tsantseni, ɗana.

Abin da ka ji gaskiya ne. Monte Karlo unguwa ce a Monako, ƙaramar masarautar nan da ke gaɓar Bahar Rum maƙwabciyar Faransa, kuma ta shahara da gidan cacarta, wanda hukumar ƙasar da kanta ta hana 'yan ƙasa yin caca a cikinsa. Ita kuwa hanyar lissafin, Stanislaw Ulam ne ya faro ta a 1946, shi da John von Neumann suka bunƙasa ta a cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, sannan abokin aikinsu Nicholas Metropolis ya raɗa mata suna saboda wani baffan Ulam da ke yawan zuwa caca a can.

Yadda take aiki kuwa, ka zana murabba'i, ka zana da'irar da ta taɓa gefunansa huɗu, ka watsa ƙwayar gero dubu a kai ba tare da saiti ba; wajen 785 za su faɗa cikin da'irar, kuma da wannan ƙirga ake kintata girman filin da da'irar ta mamaye. Kwamfuta tana maimaita irin haka sau miliyoyi.

Caca haramun ce da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida, kuma haƙiƙarta ita ce mutane su zuba dukiya a kan sa'a, wani ya kwashe, wani ya tashi hannu rabbana, daga nan gaba da ƙiyayya su biyo baya kamar yadda aya ta 91 ta bayyana. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafinka, domin babu kuɗin da aka zuba, babu mai ci, babu wanda aka cinye. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa hukunci yana bin haƙiƙar abu ne da manufarsa, ba sunansa ba. Dogaro da abin da ke fitowa kara-zube shi kaɗai ba laifi ba ne, tunda ya tabbata a Bukhari da Muslim daga A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Saboda haka koyonta halal ne, haka ma aiki da ita a injiniyanci ko likitanci ko noma. Amma bai halatta ka yi wa kamfanin caca ko na cacar ƙwallo wannan lissafi ba, ko ka tsara wa wani ma'amalar riba, wato kuɗin ruwa, da shi, domin Allah Ya hana taimakekeniya a kan zunubi. Kuma sakamakon da ya fito ka ɗauke shi kintace ne kawai, kada ka gabatar wa mutane shi a matsayin sanin gaibu.

Wallahu a'alam.