An ɗora min kula da baƙin taron jami'a a Kumasi, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce ina digiri na biyu a KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, gidanmu unguwar Aboabo. Sashenmu zai yi taron ƙara wa juna sani na kwana uku, toh da yake ina jin Hausa sai kwamiti suka ce ni zan kula da baƙin da za su zo daga Najeriya da Nijar, duk malaman jami'a ne, har da farfesoshi. Wallahi ban taɓa yi ba. Me zan tanada, me kuma zan rubuta musu kafin su taso? Sannan babana ya ce a sauke wasu a gidanmu tunda 'yan'uwa ne Musulmi, shin hakan ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ki kwantar da hankalinki, abin da za a faɗa a zauren taro ba naki ba ne, wannan na masu maƙala ne da shugabannin zama. Naki aikin yana tsakanin lokacin da mutum ya sauka a Accra da lokacin da ya kwantar da haƙarƙarinsa a Kumasi daren farko, a nan ne ake ɓata wa baƙo rai, kuma wanda ransa ya ɓaci a daren nan ko me aka yi masa daga baya da wuya ya manta.

Ki fara da takarda. Malamin jami'a ba ya tashi haka kawai ya kama hanya, sai ya nemi izini a wurin aiki, da yawa kuma sai sun nemi kuɗin tafiya daga jami'arsu ko daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, in 'yan Najeriya ne, kuma ba wanda zai saurare shi sai da takardar gayyata mai tambarin jami'a, da sa hannu, da sunan maƙalarsa, da ranakun taro, da kuɗin rajista a rubuce. Ki matsa wa sakataren kwamiti ya fitar da ita da wuri, watanni kafin taro ba sati biyu ba, kuma a rubuta suna daidai yadda yake a fasfo. Muhammad da Mohammed duk ɗaya ne a wurinmu, amma a wurin akanta ba ɗaya ba ne.

Maganar shigowa ƙasa, ɗan Najeriya ba ya bukatar biza, ƙa'idar ECOWAS ta ba shi kwana 90. 'Yan Nijar kuma kin san ƙasarsu da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ECOWAS ɗin dai ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barinsu su yi zirga-zirga har sai an sake sanarwa, duk da haka ki ce musu su leƙa ofishin jakadancin Ghana kafin su sayi tikiti, tambaya ba ta cin kuɗi. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Ghana na tambayarsa a filin jirgi da kan boda, allurar kuma sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, saboda haka wanda ya je ya yi ana gobe tafiya bai yi komai ba. Wanda ya taɓa yi tun tuni ba sai ya sake ba, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ya dai nemo katin a inda ya jefar da shi.

Yanzu hanya, nan ne zan ɗan daɗe. Yawancin baƙinki Accra za su fara sauka, kuma da yawa a ransu Kumasi wata unguwa ce a bayan Accra, sai ki faɗa musu ƙarara cewa tsakani ya kai wajen kilomita 250. Zaɓi biyu ne. Ko jirgin cikin gida, Africa World ko PassionAir, abin da bai kai awa ɗaya ba ya sauka a filin jirgin Prempeh I da ke nan kusa da ku, ko kuma bas, na kamfanin VIP daga tashar Circle a Accra ko na STC, awa 5 zuwa 6, in hanya ta cushe ya fi haka. Mai hawa jirgi ya sani cewa ginin da jirgin waje ke sauka daban, na cikin gida daban, sai ya karɓi kayansa ya fito ya sake shiga, don haka kar ya sayi tikiti biyu da awa ɗaya kacal a tsakani, ya bar awa uku ko fiye, in ya yi zaman jira ya fi a ce ya kwana Accra ba shiri. In taron ya faɗo lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan sa a ɗage jirgi, nan kam ki ce kowa ya zo ana jibi taro.

Mai hawa bas kuwa ga abin da zai cece shi: bas daga Accra ta Ejisu yake shigowa, ya wuce Oduom da Kentinkrono, ya bi ta gaban jami'a kafin ya shiga gari. Ya faɗa wa kwandasta tun a Accra cewa Tech Junction, mahaɗar bakin jami'a, zai sauka, a sa masa jakarsa a bakin but. In ya yi shiru sai an kai shi tashar Asafo a cikin gari, sannan ya sake ɗaukar tasi ya dawo baya cikin go-sulo da dare, ga gajiya ga bai san kowa ba. Masu zuwa ta ƙasa tun daga Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflao, su sani boda uku ce kuma kowacce da nata jira, ni dattijo ba na ba shi shawarar wannan. Na Yamai masu son biyowa ta Wagadugu su shigo ta Paga su gangaro Tamale da Techiman, su bincika lafiyar hanyar Burkina a satin da za su taso, ba labarin bara ba.

Kuma ki rubuta musu da manyan haruffa cewa agogon Ghana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Ƙaramin abu ne amma za ki ga farfesa ya shirya tsaf ya zo zaure ana shara, ko ranar komawa ya rikice da lokacin jirgi.

Toh maganar Baba. Ki gaishe shi, ki ce Allah ya saka da alheri, halin mutanen zango ke nan tun zamanin fataken goro, ba a barin baƙo ya kwana a waje. Amma a gaskiya ban goyi bayan a sauke mai gabatar da maƙala a Aboabo ba. Safiya daga can zuwa jami'a sai an bi ta Anloga Junction da Oforikrom, kin fi ni sanin yadda wurin yake da ƙarfe bakwai, mutum zai yi magana ƙarfe tara yana cikin tasi yana duba agogo. Ban da haka yana bukatar tebur da shiru da daddare don ya gyara abin da zai faɗa, gidanmu na zango kuwa ana ta shigowa gaisuwa har goma, shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce a ƙyale shi ba. Sannan yana bukatar rasit na masauki da zai kai wa jami'arsa, Baba zai ba shi rasit? Abin da ya fi, a sauke su cikin jami'a ko gefenta, a gayyace su cin tuwo a gida dare ɗaya, kowa ya samu ladansa.

Cikin jami'a akwai gidajen baƙi irin su na Injiniyarin, wato Engineering Guest House, su ake fara kamawa kuma suna cika da wuri, manyan baƙi da dattawa da mata masu goyo su za ki fara sa wa a can. In ɗalibai na hutu kwamiti na iya neman ɗakuna a hol-hol, Unity, Republic, Queens, Independence, Africa, sun fi araha, sai dai ki gaya wa mutum gaskiya tun kafin ya biya cewa ɗakin ɗalibai ne, wataƙila banɗaki na haɗaka ne, ya zo da tawul da sabulunsa. Saura kuma otal da hostal na Ayeduase, Kotei, Bomso da Ayigya. Kar ki yarda da hoton intanet, ki je da ƙafarki, ki buɗe famfo, ki kunna fanka, ki tambaya akwai janareta in an ɗauke wuta, ki duba ko akwai mashaya ko coci mai lasifika a jikin katanga. Kuma ki rubuta nisan kowane masauki da zauren taro, don KNUST fili ne babba, wanda aka ce masa "ai cikin makaranta ne" zai ɗauka taku goma ne zuwa Great Hall. Akwai bas-bas na cikin makaranta, amma in za a samu mota ɗaya ta kwamiti da ke zagayawa safe da yamma a kan lokaci sananne ya fi mutunci. Bolt na aiki a Kumasi, tasi ma ga su nan, a dai yi ciniki kafin a shiga. Trotro, ƙananan bas na haya, da pragya, wato keke-napep, ki bar wa matasa masu son ganin gari.

Kuɗi. Su zo da dala su canza a wurin canji mai lasisi ko banki, kar su dogara da katin bankinsu na gida kaɗai, kuma su canza kaɗan tun a filin jirgin Accra don kuɗin mota da ruwa. Ki tuna da yawa ranar Lahadi suke isowa in taro Litinin ne, Lahadi kuwa a Kumasi yawancin shaguna a rufe, ba canji ba ofishin layi. Layin waya a ofishin MTN ko Telecel ake yi da fasfo, ba wurin yaran bakin titi ba, wanda kwana uku kawai zai yi gara ya buɗe romin a layinsa ko ya dogara da wayfay na masauki da WhatsApp. Da yake mu nan komai da momo, wato kuɗin cikin layin waya, ake biya, ki tambayi kwamiti tun yanzu yadda wanda ba shi da layin Ghana zai biya kuɗin rajista, a ajiye tebur mai karɓar tsabar kuɗi da littafin rasit. Soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Najeriya, su ba ruwansu, amma 'yan Nijar cajarsu mai baki biyu zagaye ce irin ta Faransa, ki sayi adafta ko biyar ki ajiye a jaka, za a yi miki addu'a.

Abinci kuma kar ki bar shi a hannun mai kwangila ba tare da kin yi magana ba. Ki tambaya wa ya yanka naman, a ina aka saya, a ce a ɗauko daga mahautanmu, kuma kar a haɗa tukunya ko cokali da naman alade. Miyar fufu wani lokaci akan sa naman daji ko katantanwa ko kaguwa, a rubuta a jikin kowane kwano abin da ke ciki. Waakye, wato shinkafa da wake, da tuwon zafi da jalof ba baƙon da zai ƙi, koko da ƙosai da safe kuwa kamar yana gida, shito dai, haɗin barkonon nan, ki gargaɗe su da yajinsa. A fom ɗin rajista ki sa layi ɗaya na masu ciwon suga da hawan jini da masu azumi.

Sallah: a ware ɗaki kusa da zaure da tabarmi da buta da alamar alƙibla, da ɓangaren mata. In kwanakin sun haɗa da Juma'a ki je wurin mai tsara jadawali tun kafin a buga shi, a tsawaita hutun rana, kar kuma a sa maƙalar Musulmi a wannan lokacin, don in an riga an buga ba mai canzawa. Akwai masallaci a cikin jami'a, 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, za su taimaka miki da jagora, kuma cikinsu za ki samu 'yan sa-kai masu Hausa, ki nemi ko mutum ɗaya mai Faransanci saboda na Nijar.

Asibitin jami'a na nan ciki, babban abu kuma sai asibitin koyarwa na Komfo Anokye, lambar gaggawa 112. In damina ce, Afrilu zuwa Yuli ko wajen Satumba da Oktoba, su zo da lema.

In an ware rabin yini na yawo kar ki cika musu wurare, biyu sun isa: gidan tarihi na fadar Manhyia, tunda mai fadar, Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu II, shi ne uban jami'ar, sai Bonwire don masu sayen kente ko kasuwar Kejetia don tsaraba. In Asabar ce ki ƙara lokaci a lissafi, ranar jana'iza ce a Asante, sai ki tarar an kafa rumfa an tare layi. In za a kai su gaisuwa wurin manya ki raɗa musu cewa nan daga dama ake fara musabaha a bi zuwa hagu.

Duk wannan ki matse shi a shafi ɗaya, ki tura a guruf na WhatsApp sati biyu kafin taro, da lambar mutum biyu da wayarsu ba ta mutuwa, ki kuma karɓi lambar jirgi ko sunan bas da lokacin isowar kowa ki sa a takarda ɗaya a hannun direba. Maƙala su turo tun kafin su taso, su kuma riƙo a filasha, a gwada majigi da makirfo ana gobe.

Ranar ƙarshe satifiket da rasit su zama a shirye tun safe, da suna daidai, don masu bin jirgin yamma ba za su tsaya bikin rufewa ba, kuma aika wa mutum satifiket Sakkwato ko Zinder daga baya wahala ce da ba ta ƙarewa. Wanda jirginsa na Accra na safe ne ya bar Kumasi tun ana gobe, ki tabbatar an kama masa wurin kwana kusa da filin jirgi.