Kan "dogon hannu" a sharhin siyasa da Ingilishi

Ɗan'uwa, ka ce kana rubuta sharhi da Ingilishi a nan Yamai kan attajirin da ba shi da muƙami amma ministoci na ɗaga wayarsa, ka sa "he has a long arm", kana tambaya ko ya yi. Bai yi ba. Faransanci ne ya sa rigar Ingilishi, wato "avoir le bras long". Bature in ya ga dogon hannu, "the long arm of the law" yake tunawa, hukuma mai kamo mai laifi ko ina ya ɓuya. Bahaushe kuwa ka san wanda yake kira mai dogon hannu: ɓarawo. Rubuta "he is well connected", in kuma mutum ɗaya ne ke jin maganarsa, "he has the minister's ear".

Inda aka fi zamewa shi ne "pull strings" da "pull the strings". Kalma ɗaya ce tsakaninsu, amma ma'ana ta yi hannun riga. Na farko kamun ƙafa ne, abin da muke ce wa piston: ya buga waya aka ɗauki ɗan ƙanensa aiki, ko aka ba shi kwangila. Na biyu ya fito daga 'yar tsanar da ake motsawa da zare, ma'ana shi ke juya akala, mai kujerar hoto ne kawai. Wannan zargi ne mai nauyi. In shaidarka ba ta wuce kwangila ɗaya ba, cire "the" ɗin, kada a kai ka kotu kan ɓata suna.

"Kingmaker" tamkar masu zaɓen sarki ne, ƙarfinsa wajen ɗora wani ne. Laƙabin wani basarake ne na Ingila, Richard Neville na Warwick, da aka kashe a 1471. Wanda ke da faɗa a ji bayan an hau mulki shi ne "the power behind the throne". "Éminence grise" ta Faransanci, mai irin wannan ma'ana, ita ma ta shiga Ingilishi yadda take, asalinta laƙabin Père Joseph ne, mashawarcin Richelieu babban ministan sarkin Faransa a da, sai ka yi amfani da ita ba fargaba.

"Godfather" kuwa daga jaridun Najeriya muka tsince ta, can ubangida a siyasa ake nufi. Mai karatu a Amurka 'yan mafiya za su faɗo masa a rai. "Patron" ta fi, amma lura, a Ingilishi mai ɗaure maka gindi ne, ba shugabanka na ofis ba kamar a Faransanci.

Ka kula da rubutu: "toe the line" ne ba "tow" ba, "free rein" ne ba "reign" ba, domin linzamin doki ake nufi. Salon magana ɗaya ya isa a sakin layi. Kafin ka tura, buɗe ƙamus ɗin Cambridge ko Oxford a intanet, ka karanta jumlar misalin, ka ga ko akwai "the".