Idan fim kyauta ne a YouTube, wa ke biyan 'yan wasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina sayar da kaset da faifan CD a Tudun Wadan Zariya, yanzu shagon ya koma na cajin waya da tura finafinai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, fim ana kallonsa kyauta, to masu shirya shi da me suke cin abinci? Kuma me ya sa labarin yanzu ba ya ƙarewa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tambayoyinka biyu ne, amma tushensu ɗaya.

Ka fi ni sanin tsohon tsari. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kuɗin fim daga hannun mai saye yake fitowa. Furodusa ya kai wa dilolin Ƙofar Wambai, ku kuma ku saro ku kawo Zariya. Na ɗaya da na biyu, in ya yi kasuwa a ƙara na uku, shi ke nan a rufe labari. Satar fasaha ta fara cin wannan kasuwa, wayar hannu da memori suka ƙarasa ta.

Yanzu ba fim ake sayarwa ba, idon mai kallo ake sayar wa masu talla. Tasha sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da ita. Daga nan mai tashar yana ɗaukar kashi 55 cikin 100, a lissafin dala. Sai dai kallo ba farashi ɗaya ba ne. Bahaushen da ke kallo daga Amurka ko Ingila ya fi ɗalibin Samaru kawo kuɗi nesa ba kusa ba, don masu tallar can sun fi biya da tsoka. Shi ya sa za ka ji an yi kallo miliyan, amma mai fim na kukan bai mayar da uwar kuɗi ba.

Giɓin nan da tallar cikin gida ake cike shi. Ka lura, ana tsaka da rigimar kishiyoyi sai a yanke, wata ta fito tana yabon shagon atamfa ko maganin sanyi, lambar waya na yawo a ƙasan allo. Wannan kuɗin kai tsaye yake shiga hannun furodusa. Akwai kuma gidajen talabijin irin Arewa24, da ta fara aiki a 2014, masu shirya nasu ko su sayi na wasu.

To ka ga amsar tambayarka ta biyu. Wanda abincinsa ke rataye da awannin kallo ba zai so labari ya ƙare ba. Dole kowane mako a tsaya daidai inda uwar miji ta turo ƙofa, don ka dawo. Fim mai dogon zango ke nan. Ni dai ina ganin an samu ci gaba a hoto da sauti, yaro ma da waya ɗaya zai yi barkwanci a TikTok a san shi har Yamai ba tare da ya yi wa kowa fadanci ba. Amma ana jan labari kamar roba, abin da zai ƙare a kashi 10 sai ya kai 60.

Wani abu kuma da ya shafe ka, kada ka ji haushina Alhaji. Kashin fim ɗin da ka sauke sau ɗaya ka tura wa mutum hamsin a memori, YouTube bai san da su ba. Kai ka karɓi kuɗin turawa, su sun huta da sayen data, wanda ya biya 'yan wasa da mai kyamara kuwa ko sisi bai gani ba daga hamsin ɗin nan.