Daga ina 'yan wasan kwaikwayon al'umma suke fitowa, kuma wa ya dace ya zama darakta?

Ɗan'uwa, ka ce kuna shirin kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sa-kai, mutum 18 sun ba da suna, amma biyu ne kawai suka taɓa hawa dandamali. Kana tambaya ko sai an nemo waɗanda suka karanci fannin, da kuma wanda za a ba darakta. Shawarata, kada ka sallami kowa don ba shi da takarda, amma ka tambayi kowa aikin da yake yi da inda ya taɓa tsayawa gaban jama'a. Wannan zai nuna maka irin gyaran da mutum zai buƙata tun kafin ya buɗe baki.

Dama haka aka san wannan wasa. A ƙauyen Oberammergau na Jamus, tun 1634 mutanen garin ke gabatar da wasansu na addini kusan duk shekara 10, kuma sharaɗin shiga shi ne a haife ka a garin ko ka shekara 20 a cikinsa. A Kamiriithu ta Kenya, a 1977, manoma da leburori ne suka gina dandalinsu da hannunsu, suka yi wasan da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta da harshen Gikuyu, har suna gyara wa marubutan zance a inda suka ga ba haka mutane ke magana ba. Shi kansa Stanislavski, shahararren daraktan wasan kwaikwayo na Rasha, ɗan gidan masu masana'anta ne, ya daɗe yana wasan sha'awa kafin ya kafa gidan wasansa a Mosko a 1898 tare da marubucin wasa Nemirovich-Danchenko.

To, mu zo kan mutanenka. Wanda ya yi wasa a makaranta yakan zo da ƙarfin hali, ba ya tsoron taro, amma an saba masa da ɗaga murya da fuskantar 'yan kallo a kowace jimla, sai ka ga yana magana da ɗakin gaba ɗaya ya bar abokin wasansa a tsaye. Maganinsa shi ne a zaunar da su biyun a kujeru suna kallon juna, su yi fitowar da muryar hira sau uku ko huɗu, sannan a riƙa ƙara tazara a tsakaninsu har muryar ta tashi da kanta.

Wanda ya fito daga fim shi ne ya fi ruɗar sababbin ƙungiyoyi, domin kowa na ganin an samu gwani. Gwanin ne, amma a gaban kyamara. Ya saba da makirufo a kusa da bakinsa, ya saba motsin ido kaɗai ya isar da saƙo, kuma ya saba haddace layi huɗu ko biyar a ɗauka a tsaya. A dandamali babu mai cewa a yanke. Wanda ke layin baya ba zai ga idonsa ba, ba zai ji ƙarshen kalmominsa ba, kuma yakan sare idan fitowa ta wuce minti 10 a jere. Irin wannan sai an fara masa aikin numfashi da murya tun makon farko, minti 15 kafin kowane gwaji, a kuma hana shi tsayawa idan ya yi kuskure: ya gyara yana tafiya. Na rediyo kuwa muryarsa ta gama haɗuwa, jikin ne bai san inda zai sa kansa ba, kuma shi ne na ƙarshen ajiye takardar wasa domin da ita ya saba aiki. A ba shi abin yi da hannu a kowace fitowa, ko ninke tufafi ne ko ɗaure kaya.

Malaman makaranta da masu gabatar da taro suna da murya da iya tsayuwa, sai dai komai nasu yakan koma darasi. Mawaƙa da masu rawa sun san lokaci da shiga a kan gaɓa, abin da ke da wuyar koyarwa.

Sai waɗanda ba su taɓa yi ba, kuma a wurina su ne dukiyar ƙungiya. Ba su ɗauko wata mummunar ɗabi'a daga ko'ina ba, kuma sun zo da abin da makaranta ba ta bayarwa. Ma'aikaciyar jinya ta san yadda ake faɗa wa dangi labari mara daɗi, ɗan kasuwa ya san yadda ake ƙin abu ana murmushi, direba ya san zaman wanda ya kwana a hanya. Matsalarsu uku ce kusan kullum: sauri a magana saboda fargaba, juya wa 'yan kallo baya, da jiran layinsu maimakon sauraren abokin wasa. Duk ukun suna gyaruwa a mako uku idan mutum yana zuwa. Abu ɗaya nake roƙonka a nan: kada ka ba mutum rawar da ta yi daidai da wani rauni da bai warke masa ba, kamar wadda ta yi rashin ɗa kwanan nan a ce ta fito a uwar mamaci, don kawai ana ganin za ta yi da gaske. Za ta yi sau ɗaya, ta kasa maimaitawa, kuma an cutar da ita.

Wajen tantancewa, minti 10 ya ishi kowa. Ka ba shi shafi ɗaya ya karanta, kai kuma ka koma nesa kamar mita 15. Idan ya gama, ka ba shi gyara ɗaya tak, misali ya sake yi kamar yana ɓoye fushinsa. Karatun farko ba ya nuna komai sai wanda ya iya karatu; na biyun ne ke nuna mai karɓar gyara. Wanda karatu ke ba wahala, a karanta masa ya maimaita, domin da yawa cikinsu sun fi masu takarda saurin hadda. Sannan kowa ya rubuta ranakun da ba zai samu zuwa ba. Wannan takardar ta fi tarihin wasanninsa amfani, domin gwanin da ke zuwa sau ɗaya a mako zai tsayar da mutum biyar suna jiransa.

Maganar darakta ita ce mai nauyi. Yawanci daga wuri uku suke fitowa. Akwai tsohon ɗan wasan da ya fi kowa daɗewa. Ya san dandamali, amma yakan tashi ya yi wa kowa rawarsa ya ce a kwaikwaye shi, sai a wayi gari mutum 10 suna magana da murya ɗaya. Akwai malamin makaranta, wanda ya iya tsara lokaci da maimaita abu ba tare da gajiya ba, kuma wannan rabin aikin ne, sai dai yana iya mance cewa manya ne a gabansa. Akwai kuma wanda ya karanci wasan kwaikwayo a jami'a ko ya yi aiki da ƙwararru. Iliminsa na da amfani ƙwarai wajen tsara tsayuwa da haske da tafiyar labari, amma ya saba da mutanen da ko ana biyansu ko maki suke nema. Idan ya kawo wannan hali ga wanda ya taso daga aiki a gajiye ya zo don sha'awa, yana tsawa yana riƙe mutane har dare, kafin mako na uku ƙungiyar ta ragu da rabi. Kuma karatun fannin ba shi ne ma'auni ba: Augusto Boal na Brazil, wanda ya shahara da gayyato 'yan kallo su hau dandamali su gwada mafita da kansu, injiniyancin sinadarai ya fara karanta.

Kada ku zaɓa da ƙuri'ar farin jini. Ku ba duk mai so fitowa mai shafi biyu, da 'yan wasa uku, da awa ɗaya. Ku duba abu uku: ya fara a kan lokaci, gyaran da yake bayarwa abu ne da mutum zai iya aikatawa (matso kusa da ita kafin ka faɗi wannan, maimakon a ce masa ƙara armashi a ciki), kuma waɗanda suka yi aiki da shi suna son su dawo gobe.

Duk wanda aka zaɓa, ya iya wannan lissafin. Abin da aka saba ɗauka shi ne kowane minti ɗaya na wasa yana cin kusan awa ɗaya ta gwaji. Wasan minti 60 ke nan awa 60. Idan kuna haɗuwa sau uku a mako, awa biyu da rabi kowane zama, mako 8 ke nan. A ajiye takarda a ƙarshen mako na 4, a bar makon ƙarshe don yin wasan daga farko zuwa ƙarshe da sutura da kayan wasa. Kada a kira kowa da kowa kullum, a kira masu fitowar ranar kaɗai. Kuma darakta kada ya ɗauki babbar rawa, domin wanda ke kan dandamali ba ya ganin abin da 'yan kallo ke gani.

Cikin mutum 18 ɗin nan, ba duka ne za su so fitowa ba idan aka ba su zaɓi. Nemi akawu ko mai kula da sito ka ba shi manajan dandamali: shi zai riƙe littafin da aka rubuta shigar kowa da fitarsa, ya yi tuni idan an manta layi, ya san inda kowane kaya yake. Tela ya ɗauki awon 'yan wasa tun mako na 2, kafinta da mai aikin lantarki su ga wurin da za a yi wasan kafin a zana komai. Manyan rawa biyu ko uku kuma a sa musu 'yan ko-ta-kwana daga cikin sababbin nan, a ba su cikakken gwaji aƙalla sau biyu kafin ranar wasa.