Ƙaurar ofis da rahoton wata uku, yadda muke kallon abin a Texas

Salamu alaikum ƙanina. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina. Ka ce ka ji kamfanonin fasaha suna ta kwashe ofisoshinsu daga Kalifoniya suna dawowa wajenmu, kana tambaya ko mu Hausawan nan duk mun ruga mun sayi hannun jarinsu, kai ma ko ka saya ta manhajar nan da kuke amfani da ita a Kano. Sai da na yi dariya wallahi, don ba haka abin yake zuwa mana ba.

Mu nan Austin, a jihar Texas, ba mu da wani yawa, in an sauko Juma'a muka tsaya wajen ajiye motoci duk mun san juna, akwai masu aikin asibiti, akwai direbobi, akwai ɗalibai, sai 'yan kaɗan masu aikin kwamfuta. Lokacin da Oracle ta ce ta dawo da hedikwatarta nan a Disambar 2020, Hewlett Packard Enterprise ma a watan ta ce za ta koma wajen Houston, nan Texas, sannan Elon Musk ya tashi a taron masu hannun jari a Oktobar 2021 ya ce Tesla za ta bar Palo Alto da ke Kalifoniya ta dawo nan Austin, ka san me muka fara tattaunawa? Kuɗin haya. Ba wanda ya yi zancen jari, kowa lissafi yake nawa mai gida zai ƙara masa in yarjejeniya ta ƙare, kuma sun ƙara ɗin, sai daga baya da aka gina gidaje da yawa abin ya ɗan lafa.

Dalilin ƙaurar ba ɓoyayye ba ne, Texas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, Kalifoniya kuwa masu manyan kuɗi har kashi 13.3 take yanka musu, ga fili da araha a nan. Amma fa sau da yawa allo ne kawai ya canza wuri. Tesla ɗin nan a Fabrairun 2023 ta sake cewa hedikwatar injiniyoyinta tana Palo Alto, garin da ta ce ta bari. Oracle kuma ko shekara huɗu ba ta cika ba Larry Ellison, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya ce Nashville ta jihar Tennessee za su. To kai da ka sayi jari saboda adireshi, ina za ka bi su?

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Wani kamfani ne, ba sai na faɗi suna ba, ya sanar zai dawo nan, na kwashi kuɗin adashen da na ɗauka na zuba, ina ganin kamar maƙwabci ne ya tare dole mu ci arziki tare. Rahoton wata uku na fitowa suka ce cinikin gaba zai ja baya, kafin in idar da la'asar abin ya zube. Matata har yau in muna faɗa sai ta tuna min.

Wannan rahoton shi ne abin da masu jari suke jira da gaske. Kamfanonin Amurka da ke kasuwar hannun jari, kowanne sai ya fito duk wata uku ya faɗi abin da ya samu, kuma abin mamaki ribar da ta wuce ba ita ce ta fi motsa farashi ba, hasashen wata uku masu zuwa ne. A Fabrairun 2022 Meta, masu Facebook, ta ci ribar sama da dala biliyan 10 a wata ukun, amma da ta ce masu shiga Facebook kullum sun ragu karon farko kuma hasashenta bai kai yadda ake zato ba, rana ɗaya jarinta ya faɗi kashi 26, sama da dala biliyan 230 suka bi iska. A Mayun 2023 kuma Nvidia, mai ƙera kayan cikin kwamfuta, ta ce tana sa ran cinikin dala biliyan 11 alhali masana suna lissafin bakwai da ɗoriya, washegari ta haura kashi 24. Babu wadda ta motsa ko kujera a cikinsu.

Sannan mu akwai wata tambaya da muke fara yi wadda abokan aikinmu Turawa ba ruwansu da ita, halal ne? A guruf ɗinmu na WhatsApp in mutum ya kawo sunan kamfani, kafin a yi zancen riba sai wani dattijo a cikinmu ya ce a duba bashinsa tukuna. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, yawanci muke bi, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga na haram kada ya wuce kashi 5, shi ma ɗan abin sai ka cire ka sadakar. Nan ne ma ƙaura take ɗan shafarmu, in kamfani ya ci bashi don gina sabon katafaren ofis muna lura. Da yawa daga cikinmu ma sun haƙura da zaɓen kamfani ɗaya-ɗaya, suna zubawa a asusun gamayya da aka riga aka tace, duk wata kaɗan-kaɗan kamar adashe, in shekara ta zagayo a fitar da zakka.

In kana son gani da idonka, yawancin manyan rahotannin suna fitowa ne bayan an rufe kasuwa ƙarfe huɗu agogon New York, wato tara ko goma na dare a wajenku, wajejen ƙarshen Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Ka saurari ɗaya tukuna kafin ka taɓa kuɗin shagonka, in ka ji abin da ya shige maka duhu ka turo min murya. Ka gaida Hajiya, ka ce mata kuka da daddawar sun iso lafiya.