Kwanon gilashi ko na tangaran a na'urar ɗumama abinci?

Hajiya, kin ce za ki shiga Babbar Kasuwar Yamai, kina son sanin wanne ya fi. Ki ɗauki gilashi mai jure zafi, irin Pyrex. Ba ya shan ruwa, kuma kina ganin miyar tana tafasa. Tangaran mai kauri yana riƙe zafi, amma wanda bai gasu sosai ba yana tsotsar ruwa, sai ya yi zafi ya tsage.

Ki gwada shi: ki sa kwanon a na'urar ba kome cikinsa, kofin ruwa a gefensa, ki kunna ta minti 1. In kwanon ya ɗau zafi, ruwan bai ɗumama ba, kada ki yi amfani da shi a na'urar.

Mai bakin zinariya da kwanon samira tartsatsi suke yi. Wanda ya fito daga firigo kuwa, bari sanyinsa ya ragu tukuna, don kada ya tsage. In tartsatsi ya ci gaba ko da gilashi, cire waya, kai na'urar wurin mai gyara, kada ki buɗe bayanta.