Wifredo Lam: Me Ya Haɗa Mai Zanen Kuba Da Afirka?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani zane mai suna La Jungla, wato Ƙungurmin Daji, na Wifredo Lam. An ce ɗan Kuba ne, amma fuskokin ciki kamar na dodannin Afirka. Dajin Afirka ya zana?

Amsa: Ɗan'uwa, sunan ne ya yaudare ka. Sake duba dogayen sandunan nan masu gaɓa-gaɓa. Rake ne. Gonar rake ta Kuba ya zana, inda aka yi ta bautar da 'yan Afirka har zuwa 1886.

An haifi Lam a garin Sagua la Grande na Kuba a 1902. Mahaifinsa ɗan ƙasar Sin ne, mahaifiyarsa kuma tana da jinin Afirka da na Sifen. Uwar goyonsa, Mantonica Wilson, babba ce a Santeriya, addinin da ya tsiro daga bautar orisha, wato iskokin Yarabawa. Ya yi karatun zane a Habana, ya tafi Madrid a 1923, inda tarin fuka ya kashe masa mata da ɗa a 1931. A 1938 ya koma Faris ya haɗu da shahararren mai zane Picasso, kuma a can ya zauna ya nazarci sassaƙe-sassaƙen Afirka. Ana yawan kiransa almajirin Picasso, amma wannan rage masa daraja ne. Turawa siffar sassaƙen Afirka kawai suka ara. Shi kuwa ya san abin da ke bayan siffar tun yana yaro.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya maido shi gida a 1941, bayan ya biya ta tsibirin Martinik ya ƙulla abota da marubuci Aimé Césaire. Ya tarar baƙaƙen fata na cikin talauci, al'adunsu sun zama abin nishaɗin 'yan yawon buɗe ido. Fushin wannan ne ya haifi La Jungla tsakanin 1942 da 1943.

Tsayin zanen ya kai wajen santimita 240, faɗinsa 230. A kan takardar ƙunshe kaya ya yi shi, daga baya aka manna shi a jikin ƙyalle, domin irin wannan takarda tana bushewa ta kakkarye idan ta tsufa. Yana gidan adana zane na MoMA a New York tun 1945.

Idan za ka kalle shi, fara daga ƙasa. Za ka ga manyan tafin ƙafa, ka bi siraran ƙafafu zuwa sama, sai ka rasa inda ƙafa ta ƙare rake ya soma. Da gangan ya yi haka: jikin ɗan ƙwadago ya narke cikin amfanin gonar. Surori huɗu ne, kuma babu sarari a bayansu da ido zai huta. A sama ta hannun dama akwai hannu riƙe da almakashi.

Akwai surar da ta yawaita a zanensa na baya, mace mai kan doki. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A Santeriya, wanda orisha ya hau ana ce masa doki, kamar yadda 'yan bori ke cewa doki ko goɗiya. Ƙaramin kai mai ƙaho da ke leƙowa nan da can kuwa Elegua ne, mai tsaron mararraba, wato Eshu na Yarabawa.

Lam ya rasu a Faris a 1982.